Lissafi a Bayan Rasit

Dubu ɗari huɗu da ashirin na ƙulle a jaka:
kwasar adashi biyu, da ladan zanen shago a Jahun
wanda mai shi ya biya sau uku, kamar ana cire masa haƙori.
Sagir ƙanena na biye da ni
da dubu talatin da ya tara a rumfar caji.

Muka sauka Wunti rana ta take.
Shagon Gambo ɗaki ne da rabi,
warin dalma, fanka mai tari,
gawar kwamfutoci jibge har rufi.

Na ce, "Injin da zai ɗauki zanen gada nake so,
ya juya bene hawa huɗu bai yi nishi ba."
Sagir ya ce, "Wanda mota za ta sha kwana a gem
ba ta tsaya rawar ɗari ba."
Gambo ya dube mu, ya dubi jakar.
"Yadin riga ɗaya kuka kawo, ga ku ku biyu."

Ya kifa rasit, ya zaro biro a bayan kunne.
Firosesa tukuna. Ba ta bana ba,
ta shekara uku baya, mai zuciya shida,
ta kwana biyu amma ba ta san ƙiwa ba.
Sai uwar allo da bakinsu ya zo ɗaya,
don in ƙafa ta saɓa da gurbi, kuɗi ya bi ruwa.

A kan ram na kafe: giga talatin da biyu.
Na tuna ranar da zane ya sandare mini
a wani kafe na Yelwa, aikin awa huɗu, ban adana ba,
na fito ina goge ido da bakin mayafi.
Gambo ya ce, "Sha shida, sanda guda.
Ɗaya gurbin a bar shi fanko,
kamar filin da aka kewaye ana jiran hali."

Katin hoto, nan ake yin ta.
Sabo fil a kwali, mai fitilu kamar motar amarya,
kuɗinsa ya haɗiye jakar har igiyarta.
Sagir ya shafa kwalin, ya sake shafawa.
Gambo ya sunkuya ƙarƙashin tebur,
ya fito da ɗan Kwatano, fanka biyu, noti ɗaya ya ɓace.
"Ya yi bauta a wata ƙasa, ban san wa ya yi wa ba.
Sati biyu na tsaya masa. Bayan nan, Allah."
Aka jona. Awa guda muna tsaye,
tafin Sagir a kansa, kamar mai auna zazzaɓi.

Da aka zo akwatin wuta na ce a sa mai araha,
ai ba ganinsa ake yi ba.
Gambo ya ajiye biro.
"Injiniya, kin taɓa rage rodi a fandisho?"
Ya miƙo wani allo baƙi ƙirin, yana ƙauri.
"Mai wannan ma dubu takwas ya so ya ceta."
Na tuna wutar layinmu,
ta yi kwana uku ba labari, ta faɗo da ƙarfi kamar mai bin bashi.
Na yi shiru. Ya rubuta.

To, a ina za a yanke?
Akwati mai gilashi ya tafi,
tsohon na ofis ya zo, da tabon sitika a gefe.
Lasifika ta tafi. Allon kallo, talabijin ɗin ɗakina.
Es-es-di rabin wanda na so.
Canji dubu biyu da ɗari biyar:
masa ta dubu, sauran na mai Keke.
Sagir ya rungume kwalin har Fadaman Mada,
kowane rami sai ya ce, "A hankali, malam."

Sharaɗi: rana tawa, bayan isha'i nasa.

Daren jiya na farka ƙarfe ɗaya, haske a falo.
Ban ji kukan mota ba.
Gadata ce ya buɗe, yana juya ta a hankali,
yana ƙirga ginshiƙai da yatsa a jikin gilashi.
Na tsaya bakin labule, fankar kati na huci ƙasa-ƙasa.
Bai san na gan shi ba.
Da safe ya tambaye ni, yana kallon shayi,
nawa ne sandar ram ta biyu.